Matar da Take Tankaɗe Ƙasa

Shekara ashirin da shida ta yi tana tankaɗe ƙasa, shi ya sa duk ma'aikatar binciken noma ake ce mata Goggo Rariya. Aikin shara aka ɗauke ta bayan rasuwar mijinta. Wata rana shugaban ɗakin gwajin ƙasa, wani dogon dattijo da kowa ke kira Malam, ya lura ko tebur take gogewa ba ta bari ƙasar wannan kwano ta taɓa ta wancan. Nan take ya ce ta ajiye tsintsiya.

Ƙasa ake kawowa daga gonaki a ƙananan buhuna. Ta shanya a faranti, ta daka a hankali, ta tankaɗe, ta ɗora a sikeli, ta gasa a tanda, ta sake aunawa don a san yawan ruwan da ya fita. 'Ya'yanta kan tsokane ta: "Umma, kullum kina tankaɗe, mu dai ba mu taɓa ganin abin da aka dafa da garin ba!"

Ran da aikin ya shiga ranta, Malam ne ya cika kofin gilashi da busasshiyar ƙasa har baki, ya miƙo mata kofin ruwa ya ce ta zuba. Ta ce ai zubewa zai yi. Ya ce ta dai zuba. Tana tsiyayawa ƙasar na shanyewa, har kusan rabin ruwan ya ɓace, ko ɗigo bai taɓa tebur ba.

"Ikon Allah! Malam, ina ya shiga?"

"Tsakanin ƙwaya da ƙwaya akwai 'yan ƙofofi, Goggo. Nan ruwa ke zama, nan iska ke wucewa, nan saiwa ke sha. Abincin duniya duk daga nan yake fitowa."

Ranar a ƙafa ta koma gida, tana tafe tana kallon inda take takawa kamar yau ta fara ganinsa.

Bayan shekaru, ƙaninta, wanda ke noma gonar da mahaifinsu ya bari, ya zo mata da kuka. In an yi ruwa sai ya kwarare ya bar gonar, kwana uku masara ta lanƙwashe, rijiya kuma sai ja da baya take yi. Shi a ganinsa taki ne ya yi kaɗan.

Ta ari zoben ƙarfe mai faɗin bakin bokiti a wurin aiki, ta bi shi. A tsakiyar gona ta kafa zoben, ta cika shi da ruwa, suka tsuguna. Sa'a guda ruwan na tsaye yana kallonsu. Ta cire zoben ta kai gindin wata bishiya a bakin shinge, inda ganye ke zuba yana ruɓewa, ta sake cika shi. Kafin ta ajiye bokiti ruwan ya fara nutsewa.

"Yaya, wannan kuma wane irin siddabaru ne?"

"Kawo fartanya ka ga siddabarun."

Taƙi ɗaya suka haƙa a tsakiyar gonar, fartanya ta yi ƙara kamar ta sami daɓen siminti. Shekara da shekaru tarakta na bi ta kai ƙasa tana jiƙe, har ta danne ta. Goggo ta tumɓuko masara ɗaya ta nuna masa: saiwar ta sauka, ta ci karo da taurin, ta karkace gefe. Ya daɗe yana juya ta a hannu.

Suka fasa taurin da diga, layi bayan layi. Ta hana shi ƙona kara, ta ce a bar shi ya rufe ƙasa. Ta sa aka zuba kashin shanu, aka juya kunya ta tare hanyar ruwa. Shekarar farko ba a ga wani abin kirki ba, maƙwabta na dariya wai ya bar mai tankaɗe ta koya masa noma. Shi ma har ya fara ƙunƙuni.

A damina ta uku ruwa ya ɗauke kwana goma sha takwas. Gonakin kewaye suka yi yaushi, tasa tana tsaye koriya shar. Ya aika a kira ta. Lokacin ta yi ritaya, gwiwa na damunta, amma ta zo. Ta durƙusa da ƙyar, ta yaye ruɓaɓɓen karan, ta tura hannu har wuyan hannu. Sanyi ta ji. Ta damƙo ƙasar, baƙa, mai laushi, tana warwarewa kamar gurasa, ga wata tsutsar tana na mutsu-mutsu a ciki.

"Ruwan da aka yi kwana goma sha takwas da suka wuce ne wannan," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "Yana nan, ta riƙe mana shi."

Maƙwabcin da ya fi kowa dariya yana tsaye a bakin shinge. Ya yi gyaran murya ya ce, "Goggo, in kin gama da nan, tawa gonar ba nisa."

Ta ce sai dai in zai kawo mata kujera.