Kansilan da Ya Kai Magudana Garin Surukansa

Kawuna mai walda ne, ƙanin mahaifiyata, kuma bai taɓa neman zama kansila ba. Abin ya same shi ne yadda mura ke samun mutum. Shagonsa yana bakin titin da ya gangara unguwar ƙasa, rumfar kwano ce cike da guntayen rodi da ƙafafun gadaje da ƙyauren da masu su suka manta da su. A ƙofar shagon akwai dogon benci da ya haɗa da ragowar bututu, nan dattawan unguwa ke zama suna gyara duniya da baki. Da zaɓe ya matso aka rasa wanda za a tsayar, don duk wanda aka ambata sai wani ya tuna rigimar da suka taɓa yi. Mahaucin unguwa ya waiwaya ya ga Kawu a durƙushe yana liƙa ƙafar baro, ya ce, "Ga wanda ba ya magana, balle ya ɓata wa wani rai." Kafin Kawu ya ɗaga gilashin da ke fuskarsa an gama shawara.

Ana yi masa laƙabi da Bari-ya-huce. Asalin sunan daga aiki ne, don in ya gama liƙi mai kaya ya kai hannu, abin da yakan ce ke nan. Amma ya kai maganar har gida, har majalisa. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta ce rabon da ta yi faɗa da shi ta ji daɗin faɗan tun suna amarci, don kafin ya ba ta amsa ta manta abin da ta ce.

Inna 'yar garin tudu ce, kuma wannan ba ƙaramin bayani ba ne. Garinmu da garin tudu maƙwabta ne, tsohuwar masaƙa ce kawai tsakaninmu. Lokacin da masaƙar ke aiki, jiniya ɗaya ke tashin garuruwan biyu. Da aka rufe ta, tare muka durƙushe. Teloli suka sayar da kekunansu, samari suka watse neman aiki, motar haya ta daina tsayawa sai dai ta rage gudu ta dube mu. Talauci bai hana mu gasa ba. In ƙaramar hukumarmu ta yi wa sakatariya fenti, tasu sai ta yi fenti ta ƙara tuta. Masu yashe lambatu na kowane ɓangare kuwa, daidai kan iyaka suke tsayawa su saɓa shebur, ko da leda ɗaya ce ta rage a gaba.

Ana cikin haka gwamnatin yanki ta buɗe asusun farfaɗo da garuruwan da suka mutu a tsaye irin namu. Sai dai ta sa sharaɗi, wanda ina zaton wanda ya tsara shi ya san mu ciki da waje. Ba za a ba ƙaramar hukuma ɗaya ita kaɗai ba, sai maƙwabta biyu sun kawo aiki guda da yardar majalisunsu duka. In ba su daidaita ba, rabon ya wuce wasu.

Aka sa taron farko a ɗakin cin abinci na tsohuwar masaƙa, don ba wanda zai yarda ya taka sakatariyar wani. Shugabannin ƙananan hukumomin biyu suka iso, kowa ya zauna cikin motarsa yana jiran ɗayan ya fara fitowa. Kansiloli na ciki suna fifita da hula. Kawu, da ya ga abin zai ɗauki lokaci, ya zagaya ya gyara wa maigadi sakatar ƙofa.

Da aka samu aka zauna, namu suka ce kasuwa suke so, sabuwa fil, mai shaguna da babbar ƙofa. Na tudu suka ce magudana. Akwai wata babba da ta bi ta bayan masaƙa a cikin ƙasarsu, ta rufta tun bayan rufe kamfanin. In aka yi ruwa sai ya taru a tsakar gidajensu, in ya gaji da su ya ɓalle ya gangaro unguwarmu ta ƙasa. Ba wanda bai san haka ba a garinmu, har yara. Matsalar ita ce aikin a ƙasarsu za a yi shi, allon aikin can za a kafa, kuma ba a taɓa jin wanda ya ci zaɓe da nuna wa mutane rami ba.

Da aka zo kaɗa ƙuri'a, sai majalisarmu ta rabu biyu daidai tsakanin kasuwa da magudana, saura ƙuri'ar Kawu. Shugabanmu bai damu ba. Kasuwa ai ƙarfe ce, ƙofa da taga da ƙyauren shago, kowa ya san wanda aikin zai faɗo wa. Ya ce, "To mai walda, ɗaga hannu mu tashi."

Kawu ya miƙe, ya gyara hula. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ƙofofi na sani. Duk damina ta wuce, ƙyauren unguwar ƙasa shagona suke zuwa, gindinsu ya ci tsatsa. In yanke, in liƙa, baɗi su dawo. Akwai ƙyauren da na fi sanin halinsa a kan ɗana na fari. Na gaji da cin wannan abincin. In muka gina kasuwa yanzu, ruwan nan zai zo cefane. Ni magudana na zaɓa."

Ya zauna. An ce shugaba ya daɗe yana kallonsa kamar yadda ake kallon tunkiyar da ta yi haushi.

Kafin ya iso gida a kan kekensa, labari ya riga shi. Aka ce ya sayar da gari, kuma ba sai an tambayi wa ya saya ba, ga Inna nan. Washegari mahauci ya zo, ya ƙi zama, ya tsaya daga bakin titi.

"Kai dai faɗi gaskiya, tsakanina da kai. Me surukanka suka ba ka?"

"'Yarsu," in ji Kawu. "Tun ina da gashi. Kuma sun ce ba a mayarwa."

"Ina maganar gari kana wasa. Mu muka ɗora ka."

"Ku kuka ɗora ni, ban musa ba. Gidanka ma a unguwar ƙasa yake."

"Ruwan da ya shiga gidana nawa ne, ba ruwanka da shi," mahauci ya ce, ya juya ya tafi.

A gida ma bai samu sauƙi ba. Ni da kaina na tarar da Inna tana tankaɗe tana sauke masa nata.

"Malam, da ka tambaye ni, da na ce ka zaɓi kasuwa. Mutanen garinmu ni na san su, ko sannu ba za su ce maka ba. Yanzu ni ce ba na iya fita, duk inda na bi sai a ce ga mai magudana."

"Sunan bai yi muni ba."

"To kai ka ɗauka. Kai ma ka ji shi," ta juyo gare ni, "kawunka ya toshe hanyar abincinsa da hannunsa, kuma wai ni na sa shi. Da ina iya sa shi abu, da tuni ya gyara mini ƙafar gadon nan."

Benci ya zama fayau. Masu kawo aiki suka koma wurin wani. Kawu bai yi ƙorafi ba, amma abu ɗaya ya taɓa shi. Akwai wata tsohuwa a unguwar ƙasa da yake gyara wa ƙyaure kyauta shekara da shekaru. Ya gaishe ta a hanya, ta ɗauke kai. Inna ta ce ranar ko rabin kwanonsa bai ci ba.

Aka amince da aikin, aka kafa kwamitin haɗin gwiwa, namu suka tura Kawu ciki don hukunci. Kullum da safe sai ya tura kekensa ya hau tudu. Kowace ƙaramar hukuma ta turo injiniyanta, kuma kowane ya zo da tef ɗin awonsa, ba ya yarda da na ɗayan. Babban aikin Kawu shi ne zama tsakaninsu a kan bulo, in murya ta fara tashi ya aika a kawo shayi, ya tambayi wannan lafiyar mahaifiyarsa, ya tambayi wancan yadda motarsa ta kwana. Sannu a hankali har suka fara riƙe wa juna bakin tef. Leburori kuwa aka ɗebo su daga garuruwan biyu, don Kawu ya nace a kan haka, ya kuma maimaita har aka gaji aka yarda.

Rashin sa'arsa, zaɓe ya riga damina zuwa. Abokin takararsa wani matashi ne mai shagon waya, mai fara'a, wanda ya buga hoton kasuwa mai hawa biyu ya manna a kowane bango. Kawu kuma yaƙin neman zaɓensa bai wuce ya ce wa mutane su hau tudu su leƙa ramin ba. Ba wanda ya hau. Ya sha ƙasa, shan da ba ya buƙatar a sake ƙirga. Na je yi masa jaje na same shi yana goge bakin wayar walda da burushi. Ya ce, "Yaron yana da ladabi. Ka ci abinci?"

Sai ruwa ya sauka, irin wanda da can kan sa mutanen unguwar ƙasa ɗora katifa a kan tebur. Suka ɗora, suka naɗe ƙafar wando, suka tsaya a bakin ƙofa da bokiti suna jira. Ruwan ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya wuce abinsa. Aka sake yin wani, ya sake wucewa. Mutanenmu ba su iya ba da haƙuri da baki ba, kuma Kawu bai jira ba. Sai dai gaisuwa ta fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar nan ta tsaya a ƙofar shago wata rana ta yi masa faɗa wai ya rame, kuma ya daina zumunci. Aikin ƙyaure kuwa ya ɗauke ɗif, ya koma liƙa hannun tukunya da ƙafar kujera. Inna takan ce ita ce mace ta farko da mijinta ya yi nasara suka koma cin abinci ba nama.

Bana asusun ya sake buɗewa, da sharaɗinsa na da. Yanzu kasuwa muke nema, kuma sai majalisar tudu ta yarda. Sabon kansila ya hau da tawagarsa da hotonsa mai hawa biyu. Aka karɓe su, aka ba su ruwa, aka saurare su har ƙarshe. Sannan shugaban tudu ya duba bayansu ya ce, "Ina mai walda? Mu da shi muka saba magana."

Ina shagon Kawu sai ga sabon kansilan ya iso, cikin farar shadda mai sitaci, yana ta murza waya a hannu. Ya durƙusa ya gaida Kawu, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya fito da abin da ya kawo shi.

"Baba, sun ce sai da kai. In ba ka je ba, kasuwar nan ta tafi."

"Zan je," in ji Kawu. "Kasuwa ai tamu ce duka. Amma mai tukunyar nan tana jira ta ɗora girki." Ya miƙa masa filaya. "Kama mini nan, ranka ya daɗe. Matsa da rigar baya kaɗan. Yauwa. Rufe ido."