Yaya Ɗanlami Takwas da Jar Motarsa

Duk wanda ya taɓa zama da yayana Ɗanlami a garejinsa na bakin titin Gaya ya san ba a gama magana da shi. Kana tsaka da ba shi labari, ko da na rasuwa ne, da mota ta taho sai ya ɗaga maka yatsa, ya karkata kai kamar kaza ta hango shaho, ya saurara har ta wuce. Sannan ya yanke mata hukunci: wannan mura take yi, waccan keken ɗinki ce aka sa wa taya. Sai ya juyo ya ce maka, "Wa ka ce ya rasu?"

Sunan Takwas daga motarsa ya samo shi. Yana saurayi ya yi tuƙi a Kudu wajen wani Bature, da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa ita: ja, ƙofa biyu, dogon hanci, silinda takwas, irin motocin Amurka da ba a ƙera su don komai ba sai ƙarfi da gurnani. Ya sa mata suna Bijimi. Tayoyin baya kaɗai ke tura ta, kuma a wajen Yaya haka Allah ya so mota ta kasance.

Abu biyu ne ba ya son ji. Na farko turbo, na'urar nan da ke cusa wa ƙaramin inji iska don ya yi ƙarfin babba. Yaya cewa yake zugazugin maƙera ne, kuma ɗan damben da sai an yi masa fifita kafin ya kai naushi ba ɗan dambe ba ne. Na biyu mota mai ja da ƙafa huɗu. Wannan kam kalma ɗaya yake mata: rarrafe. Ni kuwa, Habu, ƙaninsa, abincina a tuƙin motar ɗaukar hatsi yake, kuma motar maigidana tana da duka biyun. Har ya bar duniya, ko a gaban surukaina, Ɗan Rarrafe yake kirana.

Ba na manta ranar da babban ɗansa Nasiru ya nuna masa wani bidiyo a waya ƙarƙashin darbejiyar gareji. Ashe su kansu Amurkawan sun fara rage wa irin Bijimi silinda, suna sa musu turbo, suna haɗa su da ja da ƙafa huɗu. Samarin gareji suka samu abin yi. Wannan ya ce sabuwar ta fi tashi da sauri, wancan ya ce ba ta shan mai, wani ya ce ko a ruwan sama ba ta karkata gindi. Yaya ya ce ai karkata gindin shi ne motar, wadda ba ta taɓa ba ka tsoro ba me za ka ba jikokinka labari a kanta. Aka yi ta yi har la'asar ta kusa wuce mu. Daga ƙarshe ya karɓe wayar, ya sa Nasiru ya danna masa wajen ɗaukar murya, ya zage ya yi wa Amurkawa faɗa da Hausa tsantsa, har da tuna musu iyayensu da suka ƙera abin kirki. Ya ce a aika musu. Nasiru bai san ma inda zai aika ba. Kullum da safe sai Yaya ya tambaye shi ko sun ba da amsa, shi kuma ya ce shiru.

"Ba su da ita ne," in ji Yaya.

Sai kuma tafiyarmu ɗaurin aure Toranke da damina. Na roƙe shi ya shigo tawa, ya ce gara ya tafi a ƙasa. Ya wanke Bijimi, ya ɗora babbar riga, ya sa ni a baya ina binsa. Muna barin kwalta, a wani kwari da ruwa ya kwanta, Bijimi ta zauna. Ya taka totur, tayoyin baya suka yi ta juyi suna watsa taɓo har kan gilashina, ita kuwa sai ƙara nutsewa take. Na ratsa ta gefensa salin-alin, na fito da igiya na ce in ja shi. Ko kallona bai yi ba. Ya tattare riga ya shiga gona, ya dawo da wani Bafulatani manomi da shanun huɗarsa biyu. Su suka fitar da ita, mutanen ƙauye na tsaye suna kallo. Na ce masa, Yaya, ka ƙi ƙafa huɗu, ga shi ƙafa takwas sun ja ka.

Ya share taɓon gemunsa ya ce, "Ƙafa takwas, silinda takwas. 'Yan uwanta ne suka zo taimako."

Mun tarar har an shafa fatiha an watse.

Muna dariyar waɗannan abubuwa, amma ni da na zauna kusa da shi na san shekarunsa na ƙarshe ba su da daɗi. Motocin da ake kawowa yanzu sai an jona musu kwamfuta kafin su faɗi ciwonsu, shi kuwa Yaya da kunne ya iya aiki. Masu kawo gyara suka ragu, yaran gareji suka watse ɗaya bayan ɗaya. Nasiru ma ya tafi Kano koyon gyaran mota da kwamfuta, abin da uban bai taɓa hana shi ba, bai kuma taɓa tambayarsa yadda aikin yake ba. Fetur ya yi tsadar da Bijimi ta daina fita. Sai ranar Juma'a in an sauko daga masallaci zai zuba mata ɗan abin da ke cikin gorar ruwa, ya tayar da ita a tsaye, ta yi gurnaninta har man ya ƙare. Sauran kwanaki kajin matarsa, Yaya Binta, ke ƙwai a kujerar baya, shi kuma ya yi kamar bai gani ba.

Sannan kunnen ya fara tafiya. Bai gaya wa kowa ba. Mun gane ne da gurnanin Juma'a ya fara yawa, har maƙwabta suka aiko a ba shi haƙuri, akwai mai jego a gidansu. Ya yi mamaki ƙwarai, ya ce shi da yake tayar da ita a hankali. Na leƙa wata Juma'ar na same shi ya kifa tafin hannunsa a kan bonet, ya rufe ido, yana jin ta da hannu. Na koma da baya ban yi masa sallama ba.

Daga baya ya rufe garejin ya koma noman gonar gado a Balan. Can ciwon ya same shi, da damina, ɓarin jikinsa ya shanye yana tsakiyar gero. Da aka kira ni na tafi da motar maigidana, don babu wata da za ta iya shiga hanyar. Muka ɗauko shi mu huɗu muka kwantar a kujerar baya, kansa a cinyar Yaya Binta. Tun daga gonar har kwalta taɓo ne, motar tana ta ratsawa, ni kuma ina ta addu'a a zuci. Muna hawa titi na ji yana kirana da bakin da ya karkace. Na tsaya, na zagayo, na kai kunnena, ina zaton wasiyya zai yi.

"Ɗan Rarrafe," ya ce, "in sun tambaya, ɗauko ni aka yi. Ban shiga da ƙafata ba."

Yaya Binta tana kuka tana dariya. Bai ƙara wata doguwar magana ba har Allah ya karɓi abinsa a asibiti.

Bayan an share makoki aka zauna kan Bijimi. Akwai ƙananan yara a gidan, babu mai iya ciyar da ita, babu kuma mai saye sai 'yan gwangwan. Nasiru ya roƙi a bar shi ya tayar da ita sau ɗaya kafin su zo. Ya sayo fetur da sabon batir, ya kira abokan aikinsa biyu daga Kano. Suka buɗe bonet suka tsaya suna kallo, babu inda za a jona kwamfuta. Suka yi ta murza makulli, tana tari tana shiru. Aka aika neman tsofaffin kanikawa a Gaya da Ajingi, wanda bai rasu ba idonsa ya tafi. Yadda Yaya yake lallaɓa ta ta tashi, da shi aka binne. Nasiru ya zauna a ƙasa ya jingina da tayar, hannunsa duk baƙin mai, ya ce, "Baba Habu, ban taɓa cewa ya koya min ba." Ni ma ban taɓa ba.

Washegari 'yan gwangwan suka zo da wutar yankan ƙarfe. Ban tsaya ba. Da na dawo da yamma sai ramin tayoyi huɗu a ƙasa, da kajin Yaya Binta suna zagaye wajen suna neman inda za su kwanta.

Allah ya jiƙan Yaya Ɗanlami, ya yafe masa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Allah ya raya abin da ya bari, ya ba Nasiru haƙuri. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.