Lahadin Majo a Gidana

Hauya ce ta sare ni a ƙafar hagu wajen noman fari, amma ni na ɓata mikin da hannuna. Na fasa tsohon batir na barbaɗa baƙin garin nan a ciki, na ɗaure da tsumma, na koma gona. Kwana goma ƙafa ta kumbura ta soma wari. Mai ɗakina ta ce in ban tafi likita ba, ita za ta koma gidansu a Matankari, a biyo ta da labari. Haka aka ɗora ni a amalanke.

Ba na son gidan likita, kuma ba na son duk inda mutum ke zama bayan tebur. Na yi lakwal, makarantar boko, shekara shida, na faɗi jarrabawa sau biyu. Waɗanda nake nuna wa lissafi a aji, yau su ke wucewa ta garinmu a mota, ko gilashi ba su saukewa. Mutanen gari sun san bakina. Ba mai zuwa gidana hira, ni ma ban roƙi kowa ba.

Ma'aikaciyar jinyar da ke riƙe da ɗan gidan likitan garinmu, Majo muke ce mata. Babarbariya ce daga can gabas, ita kaɗai aka turo, sai wata tsohuwar ungozoma da ke kama mata. Ɗakin kwananta yana cikin harabar, bayan ɗakin allura. Tsakanin Arawa da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni, don haka tana kwance tsumman ta dube ni ta ce, "Ba'are, wa ya ce maka kai rediyo ne da za ka sa wa kanka batir?"

Na ce, "Babarbariya, yi aikin da gwamnati ta aiko ki."

Ta yi kuwa. Ta wanke da ruwan gishirinsu na leda, ta bi da almakashi tana cire mataccen nama har sai da jan jini ya fito. Na zagi hauya, na zagi batir, na zagi kakanninta. Ta yi mini allura, ta soki yatsana ta auna sukari, ta ce babu. Sannan ta yanko takarda ta auna faɗin mikin, ta yi alama, ta maƙale a jikin karne ɗina, ɗan littafin ganin likita. Ta ce bayan kwana bibbiyu zan riƙa zuwa, in na yi wasa babban gidan likita na Dogon Dutsi za ta tura ni, can kuma ba ta san abin da za su yi da ƙafar ba.

Damina ce, masassara ta kama yara. Kullum na je sai in tarar da mata cike da rumfa, kowa da goyo mai zafin jiki. Ni da nake zaune ina jiran layi ba abin yi sai kallo, sai na lura da ita. Ba ta cin abincin rana. Idonta ya faɗa. Wata Litinin, tana gama ɗaure ni ta ɗauko allura ta nufo hannuna, sai ta tsaya. Ta dubi allurar, ta dube ni, ta ajiye. Ta ce, "Wannan ba taka ba ce, ta yaron da ke waje ce." Ta zauna a kujera ta rufe fuska da hannu biyu.

Akwai takarda a kan tebur ɗinta. Faransancina bai kai ya ba ni aiki ba, amma ya kai in karanta layi uku ko a juye suke. Neman canjin wuri ta rubuta wa manyanta na Tibiri, har ta sa hannu.

Na ce, "Gudu za ki yi ki bar mini ƙafa rabi?"

Ta ce, "Ba'are, ka iya karatu ashe."

"Jiya Lahadi ce. Ba ki huta ba?"

Dariya ta yi marar daɗi. Ta ce tun hantsi mata ke shigowa ɗakinta ranar Lahadi, huɗu-huɗu, biyar-biyar. Su kawo fura, su shimfiɗa tabarma, a gaisa, a zauna. Waɗannan na tashi wasu na sallama. Kowace kuma in za ta tafi sai ta ce af, tunda na zo, duba mini bayan nan. Haka har almuru. Ta ce, "Yaya zan kori wanda ya zo gaishe ni? Yau na kusa soka maka maganin jariri. Gobe ban san wa zan soka wa me ba."

Da na koma gida na tambayi mai ɗakina. Sai ta washe baki, ashe ita ma tana ciki. Ta ce ai su matan unguwa ne suka zauna suka raba wa juna lokaci. Baƙuwa ce, ba uwa ba dangi, mijinta yana can gabas wajen aiki. Ba a barin baƙo shi ɗaya cikin ɗaki a garin nan, sai a ce an ƙi shi, kuma mai zaman kaɗaici shi iskoki ke samu. Ranar aiki ba ta da sarari, shi ya sa suka zaɓi Lahadi.

Na ce, "To kun kusa kashe ta da alheri. Tahiya za ta yi."

Mai ɗakina ta dafa ƙirji. Ta ce, "Malam, mi za a ce masu? In an ce kada su zo, sun ce ta raina mu."

Gaskiyarta. Ko maigari ba zai iya faɗin wannan magana ta zauna lafiya ba. Na duba cikin gidana, ga ɗakin ɗiyata da aka kai aure ba kowa ciki, ga inuwar dogonyaro, ga shiru. Shekara nawa ba a yi mini sallama ba sai in rasuwa aka yi.

Ranar Laraba na gaya wa Majo ta riƙa zuwa gidana ran Lahadi ta yi barci, ni in tsare ƙofa. Ta ce, "In haihuwa ta zo fa?"

Na ce, "Koya mini."

Tana naɗa bandeji tana lissafa mini: mace mai naƙuda, jini da ya ƙi tsayawa, yaro da ya sanƙare ko ya ƙi nono, saran maciji, wanda numfashi ke yi wa wuya. Ta ce in na yi shakka ma in tashe ta. Ta sa na maimaita sau uku, kamar mushenmu, malamin lakwal, sai dai ita ba bulala.

Lahadi da safe mai ɗakina ta je ta taho da ita, a cewa rakiyar gaisuwa ce. Ta sha kunu, ta shiga ɗaki. Ni kuwa na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, na miƙe ƙafar nan mai bandeji ta tare hanya.

Ungozoma ta gaya wa mata inda take. Yawancinsu da suka ji gidan waye, daga can suka juya. Uku suka yi ƙarfin hali.

Na ce, "Haihuwa ce?"

"A'a, gaisuwa muka zo."

"Ta amsa. Gobe Litinin."

Babbarsu ta ce, "Kai wanga mutum, yaushe ka zama likita?"

Na ce, "Ran da kuka zama masu gadi, Inna."

Suka ajiye ƙwaryar fura suka tafi suna zagina, na shanye rabi. Wajen azahar wani Bafillace ya zo da yarinya a kafaɗa, idonta ya juye, jiki kamar garwashi. Ban tambaye shi komai ba, na ƙwala wa mai ɗakina kira. Majo ta fito da shatin tabarma a kunci, ta tafi da su, ta dawo bayan la'asar ta ce yarinyar ta farfaɗo. Ta koma ta kwanta.

Ranar da motar Tibiri ta kawo maganin rigakafi ina zaune a rumfa. Na ga direba ya karɓi takardun rahoton wata, ban san ko da ta neman canjin wurin a ciki ba. Da layi ya zo kaina ta kwance ƙafar, ta ɗora takardar awo. Mikin ya ja baya da faɗin yatsa biyu.

Na ce, "Kin ba shi?"

Ta ce, "Ban yaga ba, Ba'are, kada ka yi fahari. Na dai ajiye."

Damina uku ke nan tana nan. Ƙafa ta warke, sai tabo. Matan gari sun mayar da gaisuwarsu Juma'a da yamma, su suka tsara wa kansu, ba wanda ya ce na yi daidai. Ni dai duk Lahadi ina ƙofar gida da rediyona, kuma har yau ana aiko fura.