Begilar Surukina

Bayan rasuwar surukata, mijina ya je Gwada ya ɗauko mahaifinsa ya dawo da shi gidanmu a Fadikpe. Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba. Tsohon ya zo da akwatin ƙarfe guda, kuma ban da amsa gaisuwa ba ya cewa uffan. Yakan wuni a gindin mangwaro yana kallon bango.

Da damina ta kankama, na buɗe akwatin don in shanya masa tufafi. Can ƙasa na tarar da begila, ƙahon tagullar nan da 'yan badujala ke busawa. Ta yi baƙi ƙirin, gaɓoɓinta duk kore. Mijina ya ce Baba ya yi shekaru yana busa ta a aikin ɗan sanda kafin ya koma noman doya.

Na jiƙa tsamiya, na haɗa da toka, na yi ta dirza har ta fito fes. Na ajiye ta kusa da tabarmar Baba. Ya dube ta, bai taɓa ba. Cikin mako biyu ta sake dushewa.

Maƙwabcinmu mai fentin mota ya ce sai an rufe ta da banish, wani fenti marar launi mai sheƙi, don iska ce ke cin tagulla. Ya zuba mini a kwalba, ya haɗo mini da tina, ruwan wanke fenti, ya ara mini ƙaramin famfon feshi. Na rataye begilar a reshe, na labta mata shi sosai, alhali hadari ya haɗu. Da ta bushe sai ta yi fari-fari, kamar an watsa mata koko. Na zauna ina kallonta, hawaye na neman zubo mini.

"'Yata," na ji muryar Baba a bayana. "Ba a fesa shi ana hadari. Danshi ne ya shiga ƙarƙashi."

"Baba, na ɓata maka ita."

"Ba ki ɓata ba. Kawo tinar nan."

Da kansa ya wanke ta tas, ya cire abin da ake ɗora leɓe a kai ya sa aljihu, ya toshe ramin da auduga. Ya hana ni taɓa ta da hannu sai da tsumma, wai yatsa na barin tabo. Muka jira kwana uku rana ta buɗe, na ɗauki famfon na fara fesawa yana tsaye kusa da ni.

"Ja baya," in ji shi. "Kaɗan-kaɗan. Ya isa! Bari ya sha iska."

Sau uku muka fesa. Tsakanin kowace fesawa sai mu zauna jira, a nan ya ba ni labarin ranar da surukata ta fara ganinsa a fareti, ta biyo su da tiren gyaɗarta har bariki.

Busar farko ba ta yi daɗi ba, akuyarmu ma sai da ta tsinke igiya. Ya yi dariya har da tari, ya ce laifin haƙoran da suka zube ne. Amma kullum da hantsi sai ya gwada, sautin na ƙara daidaita.

Wata rana hedimastan firamaren unguwarmu ya biyo sautin har ƙofar gida, ya roƙe shi ya riƙa busa wa 'yan makaranta a faretin safe. Baba ya ce zai yi tunani. Washegari ina share tsakar gida ya leƙo daga ɗaki, ya tambaye ni ko akwai gawayi a dutsen guga, yana son a goge masa farar rigarsa.