Cikin da ba ciki ba

Ciwon baya ne ya jawo mini komai. Ina koyarwa a wata firamare ta bayan garin Daura, kan hanyar Zango, kullum a tsaye gaban allo, ga acaɓa yana jijjiga ni zuwa da dawowa. Lokacin da aurena ya mutu na dawo gidan Yayana, ciwon ya kai inda in na yi ruku'u sai na dafa bango kafin in miƙe.

Da 'ya guda na dawo. Sunan kakarta ta wajen uba aka sa mata, shi ya sa ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai in ce Hajiya ƙarama. Ubanta mutumin Dutsi ne. Ranar da aka zo kwashe kayana ya ce wa Yaya zai bar mini ita har ta gama firamare, muddin ina zaune da mutuncina. Da baki kawai aka yi maganar, kuma na san duk ranar da suka ga dama za su zo su ɗauke ta. Da wannan fargabar nake kwana nake tashi.

Wata likita ce a sashen gashin ƙashi na asibiti ta dudduba ni ta ce, "Malama, kin sha magani har ya gaji da ke. Ƙarfi ne babu a jikinki." Ta nuna mini yadda zan riƙa tsugunnawa ina miƙewa da nauyi a hannu, kaɗan-kaɗan, ta ce in ƙara cin wake da ƙwai da nono. Na sa mai buga bulo na bakin layinmu ya cika mini gwangwanayen madara da siminti, ya soka guntun bututun ƙarfe a tsakani. Na ce masa samarin gidanmu ne suka aiko ni. To me zan ce? Mace, bazawara, malamar makaranta, tana ɗaga ƙarfe kamar ɗan dambe? Ai sai a yi wata guda ana dariyata a unguwa. Na tura gwangwanayen ƙarƙashin gado, in an idar da sallar asuba in rufo ƙofa in jawo su.

Kai, makon farko na ji jiki! Cinyoyina kamar an daka su a turmi. Ina nishi, ina gumi, wani lokaci jiri ya kwashe ni don ban karya ba, in fito da gudu ina kakarin amai a bakin rariya. Matar Yaya, wadda nake kira Anti, tana hura wuta tana kallona ta gefen ido. Ba ta tambaya ba, ni ma ban faɗa ba.

Sai jikina ya fara abin da ban yi tsammani ba. Ni da na zaci zan rame, sai na ƙara nauyi. Na hau ma'aunin wani kemis, na sauka, na sake hawa, na ce wa mai shagon abinsa ya lalace. Ciki ya kumbura ya yi tauri kamar an hura shi, zanin da nake ɗaurawa ya zagaye ni ya yi saura, yanzu da ƙyar bakinsa yake haɗuwa. Ga iskar wake, alwala ta ƙi zama, sai in yi ta sau uku kafin in samu in idar da azahar. Na kasa zaune na kasa tsaye. In shiga ɗaki in ɗaga riga in leƙa madubi, in fito, in sake komawa in leƙa, kamar a ɗan tsakanin nan wani abu zai canja.

A gidan suna na yi kuskuren. Muna zazzaune kan tabarma ana raba waina, wata maƙwabciyarmu mai sayar da kayan miya ta ce, "Malama, zawarci ya karɓe ki, kin yi ƙiba, tubarkalla."

Ni kuwa dama a cike nake da haushin jikin. Na ce, "Wace ƙiba? Ciki ne ya fito mini. Tun da na fara abin nan a ɗaki nake fama, ga tashin zuciya kullum da safe."

Tabarmar ta yi tsit. Wata ta tsaya da waina a hannu. Wallahi ban gane ba, na zaci tausayina suke ji, har na ƙara da cewa ina sa ran zai wuce da kansa. Da na ce tumbi, ko na ce kumburi, da shi ke nan. Amma ciki na ce, kuma kunya ta hana ni kiran sunan ƙarfe, na ce abin nan.

A shekarun nan kuwa ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba. In ka kunna rediyo ba ka rasa jin labarin wata mata da aka gurfanar a kotu saboda an gan ta da ciki babu miji. Ciki a jikin bazawara ba abin tsegumi ba ne kawai a lokacin, abin tsoro ne.

Na fara ganin canji ban san dalili ba. Gaisuwa ta gajarce. Malamai mata a makaranta in na shigo ofis sai idonsu ya sauka kan hijabina, daidai cibiya. Wata uwa ta zo ta ce a canja wa 'yarta aji. Na riƙa bin kaina da tambaya, me na yi, wa na zaga? Har ranar da Anti ta same ni ina wanki, ta tsugunna kusa da ni ta ce a hankali, "Ki faɗa mini gaskiya tun Yayanki bai ji a waje ba. Na waye?"

"Na waye me?"

Ta nuna cikina da baki.

Innalillahi! Na yi jifa da sabulun har ya faɗa bayan randa. Na ja hannunta zuwa ɗaki, na jawo gwangwanayen na dire mata. Ta kalle su, ta kalle ni, ta fashe da dariya har da riƙe ƙirji, daga baya dariyar ta koma kuka. Ita ta yarda nan take, don ta ji ƙarar dirin abu a ɗakina da asuba ba sau ɗaya ba. Amma Anti mutum ɗaya ce, magana kuwa ta riga ta shiga motar Dutsi.

Washegari na koma wajen likitar, raina a ɓace. Ta ce wannan ba komai ba ne, naman jiki in ya fara wahala yakan riƙe ruwa yana gyara kansa, shi ne nauyin da na gani, wake kuma yana nasa aikin a hanji. In yi haƙuri na 'yan makonni, duk zai sauka. Da na ba ta labarin abin da ake faɗa ta daina murmushi, ta ce in ina so a gwada fitsarina. Na ce Allah ya kiyaye, me na yi da za a gwada ni? Na fito ina huci. Kafin in iso gida an riga an ce an ga Malama a asibiti.

Hajiya babba, uwar tsohon mijina, ta iso ranar wata Alhamis da ƙullin gyaɗa a hannu. Yaya ba ya nan, ya tafi Kongolam wajen cinikin shanu. Na shimfiɗa mata tabarma, na durƙusa na gaishe ta, na kawo ruwa. Ta sha, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, idonta bai bar cikina ba. Can ta ce, "Takwarata na zo ɗauka, ta je ta yi mana hutu."

Na ce, "Hajiya, ai ba a yi hutu ba tukuna."

"Za a yi."

Na ce a raina yau kunya ta ƙare. Na shiga ɗaki na kinkimo ƙarfen na kawo tsakar gida. Na ce, "Hajiya, na san abin da aka faɗa miki. Wallahi tallahi babu komai a jikina. Ga abin da ya kumbura ni, likita ce ta sa ni saboda baya." Don ta gani da idonta, na ɗaure zani, na tsugunna na miƙe da shi, na sake tsugunnawa na miƙe.

Hajiya ta dafe ƙirji ta yi salati. "Ajiye! Ajiye, 'yar nan, ki ji tsoron Allah! Ashe har kin kai ga neman ɓarar da shi?"

Na tsaya da ƙarfe a hannu, bakina a buɗe. Anti ta sa baki tana rantsuwa, Hajiya ta ɗaga mata hannu ta ce ita ba ta zargi kowa ba, jikarta kawai take so. Ni da kaina na haɗa wa yarinyar kaya a leda. Tana ta murna za ta shiga mota.

Likita ba ta yi ƙarya ba. Ban daina ɗagawa ba, don in na daina ban san me zan yi da hannuwana da asuba ba, ɗakin ya yi mini faɗi. Cikin 'yan makonni kumburin ya sace, nauyin ya sauka, zani ya koma yadda yake. Na yi murna kamar wawuya, na ce yanzu kowa zai gani. Na fita ba tare da na saki hijabi ya rufe komai ba, na bi layi ina gaishe da mutane da ƙarfi. Kowa kuwa ya gani. Kafin mako ya zagayo magana ta dawo mini ta bakin Anti: an ce Malama ta samu ta zubar.

Haba jama'a! Ya fito an ce ciki ne, ya koma an ce na zubar, to ya ake so in yi da shi? Na yi kuka, na yi Allah ya isa, na rasa wanda zan shaƙe. Yaya ya ɗauki limamin unguwarmu suka tafi Dutsi. Aka karɓe su da mutunci, aka yanka musu kaza, aka ce subhanallahi, wa ya isa ya yi wa Malama ƙazafi? Yarinya dai an riga an sa ta a makaranta a can, ta saba, kada a yi ta yawo da ita. Suka dawo babu ita. Babu wanda ya fito ya faɗi laifina, balle a ce ya kawo shaida.

Sai bayan ƙaramar salla aka ce ina iya zuwa in gan ta. Na same ta a zaure tana wasa. Ta rugo ta faɗa jikina, ta cusa kai cikin hijabina kamar yadda ta saba. Sai na ji ɗan hannunta yana lalube a kan cikina, yana dannawa a hankali.

Ta ce da raɗa, "Umma, da gaske ne kin kashe ƙanena?"

Na durƙusa a gabanta. Na ce, "Wa ya faɗa miki?"

"Yara a islamiyya."

"Ba ki da ƙane, Hajiya ƙarama. Ba a taɓa yi ba. Ke kaɗai gare ni."

Ta kalle ni, ta gyaɗa kai, ta yarda. Sannan ta ce, "To in babu ne, me ya sa ba za ki tafi da ni ba?"

Ina koyar da 'ya'yan mutane amsa tambaya tun kafin a haife ta, amma wannan ban iya ba. Na gyara mata ɗankwali, na ce ta riƙa cin abinci. Da la'asar na shiga motar Daura ni kaɗai.