Inda Mai Waƙa Ke Haɗiye Miyau

Malam Isa akawu ya ce da ni jahili a gaban mutum goma sha, kuma ya sa aka ɗauke ni daga kan sikeli aka mayar da ni dako. Laifina, na ce waƙar Bature ta makoki ce.

Ba a makaranta na koyi jin waƙa ba, aji biyu na yi. A Bungudu na koya, gun kakata Inna Dije, shekarun da Turawa suka fara shigowa. Bayan tuwo takan tura kara cikin murhu, ta jawo tasar auduga tana gurza, mu kewaye ta.

Akwai tatsuniyar da take so, ta matar da gulbi ya cinye wa miji. Ba ta yi kuka ba. Kullum tana daka tana waƙar dawa ta nuna, ruwa ya sauka, kaɗanya ta yi 'ya'ya. 'Yan mata suka ɗauka suna rawa da ita. Makaho ɗaya ne ya ce, ku bari, matar nan kiran wani take.

Inna sai ta tsaya ta dube mu. "Mi makaho ya ji wanda ba ku ji ba?" Sai ta ce, "Kunnuwan ƙwarya. In ana waƙa, ku saurari inda mai ita ka haɗiye miyau."

Da na girma na samu aikin awon auduga a Gusau. Wata rana da la'asar Baturenmu ya tsaya a baranda ya karanto wata tsohuwar waƙar ƙasarsu da ka. Malam Isa ya fassara: furanni a bakin rafi, tsuntsaye, bazara. Ya ce ta murna ce, a tafa. Aka tafa. Ni na ji inda mutumin ya tsaya sau biyu, na faɗi abin da na ji. Abin da Isa ya gaya masa da Turanci, Allah ya sani. Washegari ina ƙarƙashin buhu.

Dakon bai dame ni kamar shakka ba. Shekara ashirin ina cewa wataƙila tsohuwa ta cika mana kai da shirme ne.

Bara a kasuwar Tsafe na haɗu da Garba, tsohon kukun Baturen. Na tambaye shi labarin waƙar. Ya ce, "Wannan? Ai ita ce wadda ƙanensa da ya mutu a yaƙin Jamus yake so. Ranar da ya karanta ta ba ya cin abinci."

Na zauna kan dakali na yi dariya har da hawaye. Wani abu ya sauka daga wuyana wanda ya fi buhun auduga nauyi.

Na sami Isa a ƙofar gidansa a Sabon Gari, ya tsufa, yana taunar goro. Na ce, "Malam, ban zo neman sikelina ba. Kai ka ji furanni, ni na ji mamacin. Turancinka daidai ne, kunnenka ne ƙwarya. Kakata ba ta yi ƙarya ba."