Kiran da Ya Same Ni a Gindin Tsamiya

Shekarar da na gama bautar ƙasa na koma ƙauyenmu a ƙasar Kunci da digirin aikin gona a jaka. A takarda Turanci bai taɓa ba ni wahala ba, har abokan karatu kan kawo mini rubutunsu in gyara. Bakina ne bai saba da shi ba. A aji ɗan kujerar baya ne ni, a ɗaki Hausa muke zubawa, duk wanda ya kuskura ya yi mana Turanci mu sa shi gaba da tsiya, mu ce iyayi ne. Ni ne ma shugaban masu tsokanar.

Wani kamfanin iri ya nemi jami'in da zai riƙa zagaya manoman rani a madatsar ruwan Watari yana kai wa ofis bayani. Na ci jarrabawar rubutu, saura ganawa ta waya. Aikin nan shi ne fatan gidanmu, domin ciwon gwiwa ya ci ƙarfin Baba, kuma har lokacin shi ke noma abin da muke ci. To, a ƙauyenmu wuri ɗaya sabis yake tsayawa, gindin tsamiyar ƙofar masallaci, inda dattawa ke zama bayan la'asar. Nan kiran ya same ni, Baba na zaune a cikinsu.

Wata mata ce a wayar. Ta ce in bayyana mata da Turanci yadda zan shawo kan manomin da tsutsa ta cinye wa tumatir, da yadda zan faɗa wa manaja abin da na gani. Wallahi na san amsar. Amma ina buɗe baki sai majalisar ta yi tsit, kowa ya zubo mini ido. Ni da ko da Hausa ban taɓa ɗaga murya a gaban mahaifina ba, yaya zan tsaya a kansa ina Turanci? Na durƙusa, na sunkuyar da kai, ina amsawa ƙasa-ƙasa, kalma ɗai-ɗai. Ta ce ba ta ji, in ɗaga murya. Na zagaya bayan masallaci don in sami sarari, sabis ya ɗauke. Da na dawo na kira, ta ce rubutuna ya burge su, amma mai iya bayani da baki suke nema. Daga nan ban sake jin su ba.

Damina ta faɗi, Baba ya koma gona da gwiwa a ɗaure, ina biye da shi. Na daɗe ina jin haushin dattawan da suka yi mini shiru a ka. Wata rana muna hutawa a bakin gona na faɗa masa haka. Sai ya ce, "Ni na ce su yi shiru. So nake su ji ɗana yana Turancin da ya je ya koyo."

Abin da na koya, masu ɗaukar aiki ba su ganin abin da ke cikin kanka, abin da ya fito daga bakinka suke ji. Ƙannena da ke makaranta, ku yi Turancin nan da baki tun yanzu, ku yi kuskure a yi muku dariya, ku saba yinsa a gaban wanda kuke jin nauyi. Ni na ɗauka ladabi nake yi wa mahaifina, ashe abin da ya zauna jira na hana shi. Allah ya yi masa rasuwa bara, bai ji ba.